Na Kashe Muryar Gogen Mahaifinta

Wadda ta rubuta a ƙasan labarina na wancan mako cewa mai furfura a gemu ba shi da abin faɗa kan soyayya, na ga saƙonki, 'yata. Ban ji haushi ba. Allah ya ja kwananki ki kai shekara arba'in da tara, ki dawo ɗaki da yamma ki tarar da kofin da kika sha shayi da safe yana nan inda kika ajiye shi, ba wanda ya taɓa. Ranar sai mu yi magana.

Ku da kuka shigo yau kuma, ga ni a taƙaice. Ni kafinta ne. Matata ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarmu guda ɗaya tana aure a wani gari, takan kira ni ranar Juma'a, minti huɗu ko biyar, rabinsu kukan jaririnta nake saurara. Ina kwana a ɗakin da ke bayan shagona, ƙofa ɗaya ce tsakanina da zarto. Sai kuma Malama, wadda ita ce dalilin wannan rubutu duka.

Malama tana koyarwa a firamaren da ke ƙarshen layinmu. Ba yarinya ba ce, ta kusa arba'in. Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, ta dawo gida tana jinyar mahaifiyarta. Tsufa ya taɓa wa Inna tunani, wata rana sai ta dubi 'yar da ta haifa ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Bara ni na sa wa gadon tsohuwar katanga ta katako don kada ta mirgino, daga nan muka san juna. Kullum ƙarfe bakwai da kwata Malama za ta wuce ta ƙofar shagona da mayafinta ruwan toka, jaka cike da littattafan yara, ga farin alli a bakin hannun rigarta.

"Sannu da aiki, Kafinta."

"Yawwa Malama. Ya jikin Inna?"

"Da sauƙi."

Shekara guda cur, iyakar hirarmu ke nan. Kuma in gaya muku gaskiya, ƙarfe bakwai da kwata ba ta taɓa samu na a cikin shago ba. Ko ba ni da aiki sai na fito da wani katako bakin ƙofa ina gogewa. Akwai wani guntun falanki da na goge har ya kusa zama takarda.

Wata Talata ba ta wuce ba, ta tsaya. Ta ɗora wani baƙin akwati dogo a kan bencin aikina ta buɗe. Goge ne, amma na Turawa, mai tsirkiya huɗu, irin wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Fuskarsa ta tsage daga ƙasa har kusan tsakiya.

"Na Babana ne," in ji ta. "Daga saman kabad ya faɗo. Lokacin yana raye, kullum in ya dawo daga gidan waya inda yake aiki, sai ya zauna a tsakar gida ya kaɗa wa Inna waƙar mai jiran kwale-kwale. Ita kaɗai ya iya, ita kaɗai yake yi."

Kun san waƙar, ba wanda bai san ta ba. Kakanninmu sun yi ta suna wanki, iyayenmu sun yi mana ita muna goye. Mace ce a bakin ruwa, duk kwale-kwalen da ya iso sai ta tambaye shi ko ya ga nata.

"Za ka iya gyarawa?"

"Katako ne ai," na ce. "In dai katako ne, an gama."

"Yayana zai zo ya kwashe mu in an yi hutun makaranta. Ya ce can garinsu asibiti na kusa, matarsa kuma za ta kama mini. Ina so Inna ta riƙe shi lafiyayye kafin mu bar gidan, ko da ba a samu mai kaɗawa ba."

Ta ci gaba da magana, amma ni daga "kwashe mu" kunnena ya toshe. Na lissafa a zuci, saura wata biyu da 'yan kwanaki. Na ce mata kawai, "Ki bar shi."

To ga inda na yi ɓarna, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Shekara talatin ina wannan sana'a da ƙa'ida ɗaya: ba abin da zai fita daga shagona yana motsi. Kujera ce, ƙofa ce, akwati ne, in ka girgiza ka ji ƙas, ban gama ba. Da na ɗaga gogen na girgiza, sai na ji wani abu yana yawo a cikinsa. Na juya shi, na karkata, har ya faɗo ta ɗaya daga cikin ramukan nan biyu na fuskarsa. Wani guntun ice ne zagayayye, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na ce shara ce. Na wurga shi cikin guntayen da mai shayin kan kwana ke kwasa kowace safiya yana hura wuta. Washegari da shi aka dafa shayin da na sha.

Sai na dubi ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, wanda masu goge ke ce wa jaki. Na ga ko gam babu a ƙasansa, a tsaye kawai yake. Na ce wane irin aikin ganganci ne wannan? Na shafa gam mai ƙarfi na danne shi. Tsagar kuma na cika ta da gam da garin katako, na matse ta kwana biyu. Da na kwance, sai jikin gogen ya dame ni. Duk ya koɗe, musamman wani wuri a ƙasa ta hagu da ya yi fari fat kamar an zuba masa ruwan zafi. Na ce wannan matar ba za ta karɓi abu mai dabbare-dabbare daga hannuna ba. Na sa sanfefa na goge shi tas, na shafa masa banish mai kauri, irin wanda nake yi wa ƙofofin masu hali, shafi uku. Ya fito yana ƙyalli, kana ganin fuskarka a ciki. Wallahi ranar har hoto na ɗauke shi.

Saura a ja tsirkiyoyi su daidaita, wannan kuma ba aikina ba ne. Na ɗauka na kai wa Saje, wani tsohon soja da ke wuni a benci gaban shagon aski. Shekara talatin ya yi a rukunin makaɗan soja, kowa ya san shi. Ya buɗe akwatin, ya dubi gogen, ya dube ni.

"Mai zarto, wannan goge ne ko ƙofar banki?"

"Gyara na yi masa."

"Na gani."

Ya murɗa kunnuwan da ke ɗaure tsirkiyoyi, ya shafa ƙaro a izgar bakan da ake kaɗa gogen da shi, ya ja sau ɗaya. Ƙarar da ta fito kamar mai mura yana magana cikin bargo. Ya sake ja. Ya kai idonsa bakin ramin ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Ina ginshiƙin ciki?"

"Wane ginshiƙi?"

"Wani ɗan ice da ke tsaye tsakanin fuska da baya. Shi ke kai sauti daga gaba zuwa baya. Ina yake?"

Ya taɓa jakin da yatsa ya ji ko gezau.

"Gam ka sa? Inna lillahi. Kai, wannan abin da rawar jiki yake magana! Duk inda ya kamata ya motsa ka bi ka ɗaure. Ka toshe masa baki, ka cire masa maƙogwaro, sannan ka sa masa rigar ango. Na wa ne?"

Na gaya masa. Mai aski da ke sauraro ya kashe injinsa don kada wata kalma ta wuce shi.

"Je ka faɗa mata gaskiya yau," in ji Saje.

Ban je ba. Na iya fuskantar mai gida da ya zo yana zagi a kan ƙofar da ta karkace, amma ban iya tsayawa gaban matar nan in ce na kashe muryar mahaifinta ba. Da yamma saƙonta ya shigo.

"Salam Kafinta. Ya aiki? Ya labarin goge?"

Na rubuta, "Gam bai bushe ba."

Bayan mako guda: "Har yanzu gam ɗin ne?"

"Irin mai jinkiri ne."

"To Allah ya busar." Ta haɗa da ɗan hoton nan mai dariya har da hawaye. Na daɗe ina kallon hoton. Rabon da wata mace ta yi mini wasa, na manta.

Na koma wurin Saje na ce ya nuna mini yadda ake warware ɓarna. Mako uku muka yi. Da fasasshen gilashi na kankare banish ɗin, a hankali, kamar mai aske jariri. Da ruwan ɗumi da auduga na jiƙa gam ɗin jakin har ya saki. Sannan na zauna sassaƙa sabon ginshiƙi. Sai an zura shi ta ramin nan da lanƙwasasshiyar wayar keke, a tsayar da shi a cikin duhu, ba gam, ba ƙusa, matsin fuska da baya kaɗai ke riƙe shi. In ya yi tsawo da kaurin gashi zai fasa fuskar, in ya gaza ya faɗi. Goma na sassaƙa suka ƙi. Na sha ɗaya ya tsaya.

Saje ya ja baka, sauti ya fito. Ya buɗe, yana da zaƙi, har mai aski ya ce, "A'a!" Amma Saje ya girgiza kai.

"Ya farfaɗo. Ba zai koma yadda yake ba, amma ya farfaɗo. Sai dai katakon ya kurumce, yana so a riƙa kaɗa shi kullum kafin ya saki jiki."

"To ka riƙa kaɗawa."

Ya ɗaga mini hannayensa biyu. Rawa suke kamar ganye. "Waɗannan sun yi ritaya kafin ni. Kai ka kashe, kai za ka tayar. Riƙe."

Haka na fara koyon goge ina da shekara arba'in da tara, da yatsu kamar turaku, ga manunin hagu da injin yanka ya cinye kansa tun ina saurayi. Kullum bayan azahar, lokacin da mai walda na kusa da ni ya tayar da injinsa, sai in ja ƙofar shago Saje ya zauna a kan buhun garin katako yana zagina.

"Ba zarto ba ne! Kana turawa da ƙarfi kana dawowa a sake, yanka shi za ka yi? Tafi da dawowa duk nauyi ɗaya."

"Hannun ne ya saba."

"To ya saba da wani abin. Sassauta kafaɗa. Kai ko gaisuwa kake yi kamar za ka kafa ƙusa."

Ni ban san rubutun kiɗa ba, shi ma bai wahalar da kansa ba. Da baki yake rera waƙar, ni kuma in lalubo ta a kan tsirkiya. Ya ɗiga mini farin fenti a wurare uku a wuyan gogen inda yatsu za su sauka. Waƙar gaɓa uku ce. Ta farko tana tafiya a ƙasa kamar mai taka yashi. Ta biyu ita ce tambayar, inda sauti ke hawa sama ya tsaya cak, a yi shiru, kafin ta uku ta sauko da amsar masu kwale-kwale cewa ba su gan shi ba. Wannan shirun shi ya fi ba ni wuya. Da na hau sama sai in yi maza in sauko.

"Tsaya a nan!" Saje zai buga sandarsa a ƙasa. "Tambaya ta yi, bari ta ji ko za a amsa. Ina kake sauri za ka? Wa ke jiran ka a gida?"

Ya faɗa ne da wasa. Da ya ga fuskata sai ya shiga gyaran hularsa.

Da safe bayan na dawo daga masallaci nakan zauna bakin katifa in yi ta maimaitawa a hankali, na cusa tsumma a ƙarƙashin tsirkiyoyi don kada maƙwabta su ji. Ɗakin nan shekara shida ba a ji wani sauti a cikinsa ba sai tarina da rediyo. Akwatin kayan matata na nan a lungu da ledar da na rufe shi. Ranar da na fara kai waƙar ƙarshe ba tare da na ɓata ba, na ɗaga kai don in ga wa ya ji. Bango ne ya ji.

Ana cikin haka Yaya ta zo. Ita ce babbarmu, ita ta goye ni, har gobe Auta take ce mini. Tun da matata ta cika shekara biyu da rasuwa take turo mini hotunan mata a waya, wata a gaban firji, wata a gaban labule, kowacce da bayani a ƙasa kamar tallan fili. Ranar ta turo ƙofar shago da kular abinci a hannu, ta same ni da goge a wuya.

"Auta! Me zan gani?"

"Aikin mutane ne, Yaya. Gwadawa nake."

"Gwadawa da rufe ido? Tun daga bakin titi nake jin abu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Da furfurarka? Kana da suruki fa! In mijin 'yarka ya ji uban matarsa ya zama mai goge, da wane ido za ta dube shi?"

Saje ya ce, "Hajiya, ai bai zama ba tukuna, da saura."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ajiye kular ta zauna a kan kujerar da ban gama ba. "Ƙanwar maƙwabciyata da na turo maka, mai koren mayafi. Mace mai hankali, ta iya girki, ba ta da surutu. Sun ce in kawo amsa ƙarshen wata. Dubi wuyan rigarka. Dubi ɗakin da kake kwana, ko akuya aka ɗaure a nan sai ta yi ƙara. So kake ka mutu a cikin garin katako sai wari ya sanar da mutane?"

"Zan yi tunani."

"Shekara huɗu kana tunani. Ko akwai wata ne?"

Na ce babu. Ƙarya ta biyu ke nan a wata ɗaya, ni da ake cewa bakina ba ya ɓoye komai.

Saura kwana goma sha biyu hutu, Malama ta turo: "Kafinta, in bai gyaru ba ka kawo shi haka nan. Ba komai."

Na amsa, "Gobe da la'asar."

Na sa farar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na wanke gam daga farcena da kananzir. Ta buɗe mini ƙofa cikin doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni, ba mayafin makaranta ba, wani fari mai laushi. Falon duk kwalaye, an ɗaure wasu da igiya an rubuta "kwanuka", "littattafan Baba". An sauke hotuna daga bango, sai ƙusoshi tsirara. Inna na zaune a kan gado a ɗakinta, an ɗaura mata farin kallabi, hannayenta a cinya, tana kallon taga.

"Inna, ga Kafinta ya kawo gogen Baba."

Ko juyowa ba ta yi ba. Na buɗe akwatin, maimakon in miƙa sai na maƙala shi a wuya. Malama ta zaro ido.

"Kai? Yaushe?"

Na fara. Gaɓar farko ta fito da ɗan karkarwa. Na hau tambayar, na kai sama, na tsaya. Na bar shirun ya yi tsawonsa. A cikin shirun nan sai wata siririyar murya ta ɗauka, tun kafin in sauko. Inna ce. Tana kallon taga tana rera amsar masu kwale-kwale, kalma bayan kalma, ba ta ɓata ko ɗaya ba. Matar da ke manta sunan 'yarta. Malama ta toshe baki da mayafi ta jingina da ƙofa.

Sau biyu muka kai ƙarshe. A zuciyata na ce shi ke nan, Allah ya rufa asiri.

Sai Inna ta juyo. "Wannan ba muryarsa ba ce."

Ta miƙo hannu.

"Miƙo nan."

Na miƙa. Ta ɗora shi a cinya, ba ta ko duba ba, babban yatsanta ya tafi kai tsaye ƙasa ta hagu yana shafawa. Ta shafa, ta sake shafawa.

"Ina wurinsa?"

Malama ta matso ta karɓa, ta kai shi bakin taga. Ta daɗe tana juya shi. "Kafinta, akwai wani fari a nan. Wurin haɓar Baba ne. Shekara arba'in guminsa na cin wurin. Tun da ya rasu, nan Inna ke sa yatsa in ta riƙe shi. Ina yake?"

Wurin da ya fi ba ni haushi. Wurin da na fi dannawa da sanfefa.

Na faɗa mata duka, a tsaye, ban rage komai ba. Ginshiƙin da aka dafa shayi da shi, gam, banish shafi uku, Saje, da gam ɗin da ban taɓa jira ya bushe ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa gogen a akwati ta rufe, ta danna maƙullan biyu ɗaya bayan ɗaya.

"Da ka gaya mini tun ranar, da na yi kukana na gama. Wata biyu ina tambayar ka kana ce mini gam." Muryarta ko tashi ba ta yi ba. "Na ɗauka kai ne mutum ɗaya a layin nan da ba ya lanƙwasa magana. Sai anjima, Kafinta."

Na fito. A bakin ƙofa na tuna ban ɗauko ƙaron Saje ba, na bar shi.

Kwana tara. Ƙarfe bakwai da kwata ta yi ta wuce, ba mayafi ruwan toka. Mai shayi ya ce ta bayan masallaci take bi yanzu. Na tura "Ki yi haƙuri", alamar ta nuna ta karanta, ba amsa. Bayan azahar mai walda zai tayar da injinsa, in tsaya a tsakiyar shago ban san me zan yi da hannuna ba. Na kama kaina ina danna yatsu a kan mariƙin guduma, wurare uku, ina hawa ina tsayawa. Saje ya daina zuwa, ya ce ba ya koyar da iska. Juma'a 'yata ta kira ta ce, "Baba, muryarka wani iri." Na ce mura ce. Yaya kuma ta turo hoton mai koren mayafi karo na uku, ta rubuta, "Jibi zan je musu. In ce me?" Na rubuta "Ki ce to", yatsana na kan turawa, na ajiye wayar a kife na je na yi ta yanka katakon da ba wanda ya sa ni.

Laraba da rana wayar ta yi ƙara. Malama.

"Kwana uku Inna ba ta cin abin kirki. Tana ta cewa a kira mata mai gogen nan da bai iya ba. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma ka zo gobe da la'asar."

Ina cikin karantawa wani ya sake shigowa.

"Yayana zai zo Asabar. Ya tambaye ni ko akwai abin da zai hana ni tafiya. Na ce masa ban sani ba, ba wanda ya ce mini komai."

Na karanta wannan na biyun ya fi sau ashirin. Ni ba mai ilimi ba ne, amma na san in an bar ƙofa a sake. Na goge abin da na rubuta wa Yaya, na tura mata, "Ki ce su yi haƙuri. Akwai wata." Ta kira sau shida, ban ɗauka ba.

Alhamis da la'asar na karyo kwanar layinsu, sai na ci birki. Mota a ƙofar gida, an buɗe bayanta an cika da kwalaye. Bai jira Asabar ba. Wani dogon mutum mai tabarau yana tsaye a gefe yana ɗaure katifa a saman motar, ya riƙe bakin igiya yana ja. Daga cikin gida ina jin muryar Inna tana faɗa, wai ba inda za ta sai an yi mata waƙarta.

Malama ta fito da baƙin akwatin a rungume. Idonta ya yi ja. Ba ta gaishe ni ba, ta miƙo mini shi kawai, ta koma gefe ta tsaya tana kallon ƙasa.

Mai tabarau ya yi mini kallon sama da ƙasa, tun daga hula har takalmin da garin katako bai gama fita ba.

"Kai ne kafintan da ya lalata gogen mahaifinmu?"

"Ni ne."

"To me ya kawo ka kuma?"

Na yi niyyar in fara da gaisuwa, in tambayi hanya, in tambayi iyali, yadda masu hankali ke yi. Duk na shirya su tun daga shago. Da na buɗe baki ba ko ɗaya da ya fito, sai wannan:

"Ƙanwarka nake so da aure. Inna kuma ba sai ta bar ɗakinta ba, ni zan riƙa zuwa ina yi mata waƙar kullum har in iya. Ka sauke katifar."

Malama ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san ko kuka take ko dariya ba, har yanzu da nake rubuta muku ban tambaye ta ba. Yayan nata ya dube ni, ya dubi akwatin da ke hannuna, ya dubi igiyar da ke nasa hannun. Bai ƙara ja ba, bai kuma kwance ba. Ya maƙale bakinta a jikin ƙofar motar.

"Shiga ka yi wa tsohuwa abin da take so ta ci abinci," ya ce. "In ka gama ka fito, ni da kai a nan. Ina da tambayoyi, kuma ba na son a ce mini gam bai bushe ba."